Zaman Iyali da Sauyin Zamani



Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin iyaye, watau wai yaran yanzu ba su jin magana, waya ta ɗauke musu hankali, ba su san gaisuwa ba, ba su san aikin gida ba. Mu ma yara muna da namu kukan, sai dai a bayan ido muke yinsa: wai iyaye ba su sauraronmu, ba su san duniyar da muke ciki ba, in sun kira mu, to, ko faɗa ne ko aike. Kowane ɓangare yana ganin laifin ɗayan, alhali kuwa a gida ɗaya ake kwana, daga tukunya ɗaya ake kwasa. Ni a ganina, abin da ya ɓace mana shi ne aikin da uba da ɗa, ko uwa da 'ya, za su sa hannu su yi tare. Wannan aikin shi ne igiyar da ta ɗaure iyalin Bahaushe tun kaka da kakanni, kuma da shi ne gidaje suke ƙetare kowane irin sauyi da zamani ya kawo.

Bari mu soma da duba yadda gida yake a da. A ƙasar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, noman gandu ake yi. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa sukan fita gona ɗaya da sassafe, su yi shuka tare, su yi noman fari da maimai tare, su girbe su zuba a rumbu ɗaya. In an tashi daga gandu, sa'an nan kowa ya nufi gayaunarsa, watau ɗan yankin da aka ba shi ya noma don kansa. A cikin gida kuwa uwa da 'ya'yanta mata suna kan turmi ɗaya, ana surfe, ana daka, ana tankaɗe, in an sami sarari a ɗauki mazari a yi kaɗi. Da dare, bayan an ci tuwo, yara su kewaye kaka a tsakar gida ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Wata tsohuwa da aka sani da Baba ta Karo ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin irin wannan zama a tsakanin 1949 da 1950, a nan ƙasar Zazzau, aka buga shi littafi a 1954. Wanda ya karanta shi zai ga cewa kusan babu abin da yaro ke koya a wancan zamani wanda ba a wajen aiki ya koye shi ba, yana tsaye kusa da babba.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ba mai yawan hira da ɗansa ba ne tun asali. Akwai kunya, musamman ta ɗan fari, wanda uwa ko sunansa ba ta faɗi. Amma aiki ya toshe wannan giɓin. Uban da bai taɓa zaunar da ɗansa ya yi masa lacca ba, ya koya masa haƙuri a kan kunyar dawa, ya koya masa amana ranar da ya ba shi kuɗin hatsi ya riƙe a kasuwa. Ɗan kuma ya san halin da gida yake ciki ba tare da an gaya masa ba, don da idonsa ya ga damunan da aka ɗaure, ya san ko rumbu zai kai su kaka ko ba zai kai ba.

Sauyi kuwa ba baƙo ba ne a Zariya. Jirgin ƙasa ya ratsa garin nan ya kai Kano a 1911. An soma buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, a shekarar ce kuma aka kafa babbar kwalejin horon malamai da muke maƙwabtaka da ita a nan Gyallesu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika ajujuwa har wasu na karatu a gindin itace. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya girgiza zaman gida. Unguwarmu ma ita kanta 'yar sauyi ce, ga Kongo da Tudun Wada kusa, ga ganuwar birni ba nisa, ga malaman makaranta da ma'aikata da ɗalibai daga ko'ina suna zaune cikinmu. To, yaya iyayen da suka gabace mu suka yi da waɗannan sauye-sauye? Zan kawo misali uku.

Na farko, karatun boko. Sa'ad da ya shigo, an ji tsoron zai raba ɗa da uba, don ɗa ya iya abin da uban bai iya ba. Amma gidaje masu hikima sai suka mai da shi abin haɗuwa. A sayo Gaskiya Ta Fi Kwabo, a shimfiɗa tabarma a zaure, ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi, uba da abokansa suna saurare, suna tsai da shi su yi masa bayanin wane ne wane, da abin da ya haddasa kaza. Yaro ya kawo ido, dattijo ya kawo sani, kowa ya tashi ya ƙaru. Haka ake yi da wasiƙa in ta zo daga Kurmi, haka ake yi da Magana Jari Ce da dare a gaban fitila.

Na biyu, ɗinkin riga. Zariya ta yi suna da aikin hannu na babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, kuma a da sana'ar maza ce. Mata kaɗi suke yi. Da zaren masaƙa ya cika kasuwa, musamman bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, kaɗi ya daina kawo kuɗi. Gidajen birni ba su naɗe hannu ba. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata da 'yan mata suka shiga aikin riga da kaftani, maza da 'yan'uwa suna karɓo aiki, suna kaiwa wajen mai zane, suna nuna yadda ake sa allura. Riga ɗaya takan ratsa hannun mutum uku ko huɗu a gida guda kafin ta kai wajen mabuga. Da kuɗin wannan aiki aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki, aka biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. Zamani ya ƙwace sana'a guda, iyali suka haɗu suka kama wata.

Na uku, talabijin. Gidan talabijin na Kaduna ya soma aiki a 1962, amma an daɗe akwatin bai wadatu ba. In gida ɗaya ya saya, unguwa duka ta samu. Manya a kan kujera, yara a ƙasa, ana kallon Samanja Mazan Fama ko wasan marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan. Gaskiya ne talabijin ta ci lokacin tatsuniya, amma dai tare ake kallo, tare ake dariya, in an nuna abin da bai dace ba babba yana nan zai tsawata ko ya yi bayani.

Yanzu fa? Mu dubi yinin ɗan makarantar sakandare a Gyallesu. Ya fita kafin ƙarfe 8 na safe, ya dawo wajen ƙarfe 2, ya ci abinci a tsaye, ya wuce Islamiyya, bai dawo ba sai dab da magariba. Uba ya fita nema tun da safe, ko ofis, ko kasuwa, ko kan babur, in ya dawo ya yi isha'i sai majalisar abokai a ƙofar gida ko wajen mai shayi. Uwa tana fama da girki da 'yar sana'arta. Gona, in akwai ta, 'yan ƙwadago ke nome ta. Surfe da niƙa inji ke yi. Da dare kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ta bambanta da jarida da talabijin ta fuska guda: ita mutum ɗaya take yi wa magana, ba a taruwa a kanta. Sai ka ga mutum goma a gida, kowa da duniyarsa, an yi mako uba bai san abin da ake koya wa ɗansa ba, ɗan kuma bai san da wace wahala aka samo kuɗin tarar da yake karɓa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ba ya samun mai sauraronsa a gida zai samu a waje, kuma ba kowane mai saurare ne mai son sa da alheri ba. Ta nan shaye-shaye da miyagun abokai suke shigowa.

Kada a ce wannan magana ce ta jin daɗi kawai. Cikin 'yan shekaru kaɗan gidajenmu sun gamu da jarrabawa uku masu nauyi.

A watan Disamba na 2015 an yi tashin hankali a garin nan tsakanin sojoji da mabiya Malam Ibrahim Zakzaky, unguwarmu tana tsakiyar abin, an yi hasarar ɗaruruwan rayuka. Ba shari'ar wannan al'amari ce ta kawo ni ba. Abin da ya shafi maganata shi ne yara. Yawancin waɗanda ke sakandare a yau ƙanana ne a lokacin, sun ji ƙarar bindiga, wasu an gudu da su unguwannin dangi. Yaro yana gani, yana ji, sai dai ba ya iya tambaya. In babba ya zaunar da shi ya kwantar masa da hankali da maganar da ta dace da shekarunsa, tsoron yakan ragu. In aka yi shiru, sai ya haɗiye abin, ya girma da shi, ko ya je ya ji labarin a bakin wanda zai cusa masa ƙiyayya.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, aka sa dokar kulle a Jihar Kaduna. Uba da 'ya'ya suka yini gida ɗaya, abin da wasu ba su taɓa yi ba. A gidan da aka saba aiki tare, an raba lokaci: a yi karatun Alƙur'ani da safe, yayye su koya wa ƙanne lissafi, a gyara abin da ya lalace. A gidan da ba a saba ba, zaman ya zama kamar na baƙi a tashar mota, kowa yana jiran a buɗe hanya ya fita.

A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauyin naira, sa'an nan ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota da na abinci suka bi ta. A lokacin ƙarancin kuɗin nan, a gidaje da yawa yara ne suka koya wa iyaye tura kuɗi ta waya, kamar dai yadda kakanninmu suka karanta wa nasu iyayen jarida. Amma da tsada ta zo, iyaye da yawa sun ɓoye wa 'ya'yansu halin da ake ciki. Aka rage nama a miya, aka rage kuɗin tara, aka fasa ɗinkin Salla, ba bayani. Yaro kuma sai ya ɗauka rowa ce ko rashin so, ya yi fushi, ya kumbura. Da an ce masa, "Zo nan, ga abin da nake samu, ga abin da muke ci a wata," da shi da kansa zai ce a bar ɗinkin. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san wani dattijo zai ce, "Yaro, wannan ba al'adarmu ba ce. In ka saki fuska da 'ya'ya raini ke shiga, kuma asirin maigida ba na yara ba ne." Maganarsa tana da tushe, kuma ban ce a zubar da kunya ba, ban ce uba ya zama abokin wasan ɗansa ba. Amma a tuna, uban da ke gaba a gandu, ɗansa na biye da shi da fartanya, ba a taɓa raina shi ba don ya yi gumi tare da ɗan. Girmansa ma ƙaruwa yake yi. Raini yana zuwa ne sa'ad da yaro bai san uban da komai ba sai tsawa. In kuwa akwai maganar da kunya ta hana uba ko uwa su faɗa, ai al'ada ta tanadi masu faɗa: ga kaka, wadda wasa ke tsakaninta da jika, ga goggo, ga kawu, ga baffa. Laifinmu shi ne mun bar waɗannan dangi sai ranar suna ko biki, alhali zumunci a ƙafa yake.

Wani kuma zai ce babu lokaci, neman abinci ya cinye yini. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu ɗan kirkin da zai raina wahalar ubansa. Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi, lokacin da yake ci kuma kaɗan ne. Ga shi kamar haka.

A ware dare ɗaya a mako, ko na Juma'a, maigida ya ɗan jinkirta fita majalisa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye wayoyi duka, har da ta maigidan. Kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya koya a makon, babba kuma ya ba da labari ɗaya na gidan: daga ina kakanmu ya zo, wace sana'a ya yi, me ya sa muka zauna a Gyallesu.

A nemi aikin hannu ɗaya da za a yi tare. Mai gona ya tafi da 'ya'yansa ranar Asabar ko da awa biyu ne. Wanda ba shi da gona, ai bayan ɗaki ko tsohon buhu da ƙasa ya isa a shuka alayyafo da kuɓewa da tumatir. A yi kiwon kaji ko akuya, a ba kowane yaro nasa aikin. Mai shago ya zaunar da ɗansa ya rubuta masa ciniki. Uwa mai ɗinki ko mai ƙuli-ƙuli ta bar 'yarta ta yi mata lissafin uwar kuɗi da riba, ga darasin makaranta ya sami wurin aiki.

A tafi cefane da yaran da suka yi hankali, ko a Tudun Wada ko a kasuwar Sabon Gari, a ba su kuɗin su riƙe, su yi ciniki da bakinsu. Yaron da ya ga yadda naira dubu ke narkewa a hannu ba zai sake ture tuwo don miya ba nama ba.

A fita tare a ga gari. Kunya ce a ce ɗan Zariya ya san garuruwan Turai a waya, amma bai iya lissafa ƙofofin garinsu ba, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona. Ga Dutsen Kufena, ga ganuwa, ga masallacin Juma'a na ƙofar fada wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023. Wannan ya isa ya nuna mana cewa abin tarihi ba ya jiran mutum. Ranar hawan Salla ko hawan Daushe uba ya kama hannun ƙaramin ɗansa, ya nuna masa wannan hakimin kaza ne, wannan sarautar kaza ce.

A mai da waya ita ma abin taruwa. Yaro ya nuna wa mahaifiyarsa yadda ake kiran 'yarta da ke aure a nesa a ga juna, ya nuna wa mahaifinsa yadda ake gane saƙon 'yan damfara. Uba kuma ya tambayi ɗansa abin da yake kallo, da murya mai sanyi, don ya sani, kafin a kai ga ƙwacewa.

Mu kuma 'yan'uwana 'yan makaranta, kada mu zauna jiran iyaye su fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In Baba yana gyaran babur, ka tsuguna ka miƙa masa sifana ba sai ya kira ka ba. In Inna tana tsintar shinkafa, ki ajiye waya ki ja tire. A irin wannan wuri ne magana ke fitowa da kanta. Kada iya Turanci ko iya latsa waya ya sa mu ga kamar mun fi su sani. Mu 'yan garin rimi ne, mun kuwa san abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. In an gaya mana babu, mu yarda, mu yi haƙuri, mu tambaya ta ina za mu taimaka. In kuma wani abu yana damunmu, ko a makaranta ko wajen abokai, mu kai shi gida tun yana ƙarami.

Ya ku iyayenmu, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara icce sai ya zo kusa ya kama shi da hannu. Shekarun da za mu yi a gabanku ba su da yawa. Gobe kaɗan wannan ya tafi jami'a, wannan ta yi aure, wancan ya tafi neman kuɗi Abuja ko Ikko, tsakar gida ta yi shiru. Abin da muka yi tare da ku shi za mu tafi da shi, shi kuma za mu yi da namu 'ya'yan sa'ad da nasu zamanin ya zo da abin da mu ma ba mu sani ba.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya buɗa musu hanyar abinci, Ya shirye mu, Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya, amin.

Haza wasalam.